Tsohuwar bindigar gado: a karanta ta kafin a kai ta wajen mai walda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani kayan tarihi da muke ta asararsa ba a lura ba, wato tsofaffin bindigogin farauta ƙirar Turai da ke gidajen maharba, da gidajen hakimai da dagatai, da na tsofaffin ma'aikatan En'e a ƙauyukan Jigawa da Kano. Ba bindigar toka nake nufi ba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ina nufin wadda ake karyawa a tsakiya a sa mata harsashi ta baya, mai baki ɗaya ko mai baki biyu. In maigida ya rasu aka zo rabon gado, sai ka ji ana cewa "ai wannan tun zamanin Turawa take", iyakar abin da aka sani ke nan. Bayan kwana biyu wani cikin 'ya'ya ya ɗauke ta ya kai wa mai walda, a bi ta da samfefa har ta yi fari tas, a shafe ta da baƙin fenti. An yi gyaran gangar Abzinawa, domin abin da aka kankare ɗin nan shi ne takardar haihuwarta.

Kafin komai, maganar hukuma. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa irin wannan bindiga cikin waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, ita kuwa bindigar toka a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Lasisi na mutum ɗaya ne, ba a gadonsa kamar gona. In mai shi ya rasu, sai magada su sanar da ofishin 'yan sanda ta hannun dagaci ko hakimi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, a yi shi ne a kan bindigar da hukuma ta san da zamanta. Tsohon lasisin kuma, ko da gara ta ci rabinsa, kada a yar. Yana ɗauke da lamba da shekara da sunan ofishin da ya bayar, kuma sau da yawa shi ne kaɗai shaidar da ta rage ta ɓangarenmu.

A fara da tabbatar da cewa babu komai a cikinta. A juya bakin zuwa bangon ƙasa, a tura ɗan hannun ƙarfen da ke sama zuwa dama, ta karye, a leƙa kowane bututu har a ga haske ta ɗaya gefen. Harsashin da ya shekara 40 a ciki yana iya tashi. Daga nan a mayar a rufe, a cire ɗan katakon gaba da ake tallabe ta da shi. Wani akwai maɓalli a tsininsa da ake dannawa, wani ɗan marfi ne a cikinsa ake ɗagawa da yatsa, na da can kuwa ƙusa ce mai faɗi ta ratsa shi, a tura ta gefe. In ya fita, a sake tura hannun nan, a riƙe bututun da kyau, zai zare daga jikin uwar bindigar, wato ƙarfen tsakiya da ke ɗauke da kunama. Ta zama kashi uku ke nan, kuma nan za a tsaya. Kada a sa sukudireba a kan ko ɗaya daga cikin kusoshinta. Tsagar kansu siririya ce ƙwarai, sukudireban kasuwa yana zamewa ya farke ta, ga kuma sifirin a ciki da in ya yi tsalle ba mai iya mayar da shi. Wadda ba ta da kunnuwa a waje, wato ƙarafan da ake ja baya da babban yatsa kafin harbi, kada a ja kunamarta bayan an raba ta, don mayar da katakon gaban zai gagara.

Yanzu a kifa bututun. A ƙarƙashinsa, daidai inda yake kwanciya a kan uwar bindigar, akwai wani ɗan shafaffen wuri da bai fi faɗin yatsu biyu ba, yawanci ya yi baƙi da tsohon mai da ƙura. A ɗiga kananzir, a bar shi ya jiƙa kamar minti 15, a bi shi da tsohon burushin haƙori, a share da tsumma. Abin da ya ƙi fita a tona shi da tsinke, ba da allura ko wuƙa ba. Sai ka ga wasu ƙananan zane sun fara fitowa, kambi, haruffa, lambobi, wani bai kai ƙwayar dawa ba. A goga farin alli a kai, a share saman da yatsa, allin zai zauna cikin ramukan su fito fes. A ɗauki hoto da waya a inuwa da safe, a bar hasken ya zo daga gefe, kada a kunna fitilar wayar domin ƙyallin ƙarfe yana haɗiye rubutun. A kuma kwafe komai a takarda yadda yake a jere, har wanda ba a gane ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen lamba. Bindiga ɗaya tana iya ɗaukar lambobi biyar ko shida, amma ɗaya ce tak lambar kamfani. Yawanci tana kan wutsiyar zoben da ya kewaye kunama, ana kuma maimaita ta a kan uwar bindigar, da ƙarƙashin bututu, da ƙarfen da ke cikin katakon gaba. In duk huɗun sun yi daidai, bindigar tare ta fito daga masana'anta. In na bututu ya sha bamban, to an yi mata aure, wato an haɗa sassan bindiga biyu, kuma kowane sashe da nasa tarihin. Ƙananan lambobi masu harafi biyu ko uku da ake gani a ɓoye, na ma'aikata ne don kada sassa su cakuɗe a kan teburin aiki. Shi kuwa 12 ko 16 ko 20 faɗin bututu ne. Ma'anar 12 ita ce in aka raba laba ɗaya ta dalma gida 12 aka mulmula, kowace ƙwallo za ta cika bututun daidai, wato kimanin milimita 18.5. Mutane da dama suna ɗaukar 12 ɗin nan a matsayin shekarar 1912, ba haka ba ne.

Waɗancan ƙananan zane su ne hatimin gwaji, kuma sun fi sunan da ke saman bindigar gaskiya. A Ingila doka ta hana sayar da bindiga sai an kai bututunta gidan gwaji an harba shi da albarushi fiye da ƙima, in bai fashe ba a buga masa hatimi. Gidajen biyu ne: na Landan, na ƙungiyar maƙeran bindiga da ta samu izinin sarauta a 1637, da na Birmingham da aka kafa a 1813. Na Landan kambi ne a kan haruffan GP a sarƙe, da kambi a kan V. Na Birmingham na da, sanduna biyu ne a gicciye da kambi a sama, da haruffan BPC, kuma an yi amfani da shi har 1904. Daga wannan shekara sai aka koma kambi a kan BP, da kambi a kan BV, da kambi a kan NP in an gwada ta da albarushin zamani marar hayaƙi.

Abin da ya sa hatimin ya zama kamar kalanda shi ne dokokin gwaji sun riƙa canzawa, kowane canji kuma ya bar alamarsa. In ka ga an rubuta NOT FOR BALL, an gwada bututun ne tsakanin 1875 da 1887. Daga 1887 aka maye gurbinsa da kalmar CHOKE, wato matsewar bakin bututu, aka kuma fara buga 12 a kan C cikin wani ɗan zane mai kusurwa huɗu. Kalmomin NITRO PROOF ba su wuce 1896 a tsufa ba. Rubuta tsawon ɗakin harsashi da inci, kamar 2½, ya fara ne da dokar 1925. Kambi a kan BNP, tare da lamba irin .729 da kalmar TONS, na dokar 1954 ne zuwa gaba. In kuwa awon da milimita ne, da kalmar BAR, to bayan 1989 ne, ba tsohuwa ba ce ko kaɗan. Birmingham ta ƙara wani ɗan ƙaramin hatimi tun 1921, takubba biyu a gicciye da harafi a tsakani, harafin nan shi ke nuna shekarar kanta. Ƙarami ne sosai, sai an sa gilashin ƙara girma. Bindigar da aka mayar gwaji karo na biyu tana da kambi a kan R da hatimi jeri biyu, sai a ɗauki mafi tsufa wajen lissafin shekarunta.

Ga amfanin wannan a aikace. A ce a wani gida a ƙasar Haɗeja an gaji labarin cewa da bindigar nan kakansu ya tsaya ranar da Turawa suka shiga garin a 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya yi shahada. Aka kifa bututun, aka ga kambi a kan NP, ga kuma 2½ a gefe. To wannan ƙarfe bai bar Ingila ba sai bayan 1925, shekara 19 aƙalla bayan yaƙin. Wannan bai ƙaryata cewa kakan ya yi yaƙi ba. Abin da ya nuna shi ne da wata bindigar ya yi, wannan daga baya ta shigo gidan, labarin ya tashi daga waccan ya sauka a kanta. Ni a ganina faɗin hakan ba rage wa gidan daraja ba ne. Ya buɗe wata tambayar ce da ba a taɓa yi ba: wa ya kawo wannan, kuma a kan me?

Akwai ma dalilin da ya sa da wuya a samu irin wannan bindiga a hannun talaka kafin zuwan Turawa. A taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai sun yi yarjejeniyar hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, aka bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Bayan cin Kano a 1903 gwamnatin mulkin mallaka ta ci gaba da riƙe lasisi da ƙarfi. Saboda haka hanyoyin shigowarsu sanannu ne: Razdan ko Di'o ko Baturen gona ya zo da tasa don harbin zabi da fakara, ko dinya da kirinjijiya a fadamun Haɗeja, in zai koma gida ya sayar ko ya bar wa hakimi ko kukunsa, ko kuma kantunan kamfanoni irin su John Holt da UAC da G.B. Ollivant da CFAO, waɗanda suka bazu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kuma miƙe ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori har Nguru a 1930.

Ba duk mai sunan Ingilishi ce 'yar Ingila ba. Garin Liège na Beljiyam ya ƙera bindigogi masu araha ba iyaka, ana rubuta musu sunaye masu kama da na manyan maƙeran Ingila, irin su W. Richards don a zaci Westley Richards ce, har a ƙara kalmar LONDON a doron bututu. Hatiminsu shi ke tona asiri: haruffan E, L, G cikin zobe mai siffar ƙwai da ɗan tauraro a ƙasa. In babu kambi a kan zoben, kafin 1893 ne. In akwai, daga 1893 ne zuwa gaba. Za a kuma ga wani zane kamar 'yar hasumiya, da zaki a kan PV in an gwada ta da albarushi marar hayaƙi. Akwai W. Richards na gaske a Liverpool, amma tasa hatimin Ingila take ɗauke da shi. Wanda ya aika wa kamfanin Westley Richards lambar bindiga mai ELG ya ɓata kuɗinsa, domin ko dai a ce babu ita, ko, abin da ya fi muni, lambar ta dace da wata bindiga dabam a littafinsu, a ɗauki tarihin wani a jingina wa wannan.

A ƙasashen Gumel da Kazaure da Maigatari, inda kasuwa ta haɗa mu da Damagaram, a duba sunan Saint-Étienne. Can ne kamfanin Manufrance na Faransa yake, mai ƙera Simplex mai baki ɗaya da Robust mai baki biyu, waɗanda suka cika ƙasashen da Faransa ta mallaka. Kamfanin ya durƙushe a shekarun 1980, amma takardunsa suna ma'ajiyar tarihi ta lardin Loire. Ta Sifen hatimin garin Eibar take ɗauka, da harafin shekara da aka fara a 1927. Wadda aka rubuta wa Baikal da MADE IN USSR ta Tarayyar Sobiyat ce, kuma yawancin waɗanda ake kira tsofaffi a ƙauyukanmu irinta ne, shekarunsu ba su kai yadda ake zato ba. Amurka ba ta da gidan gwaji na gwamnati, kuma kafin dokarsu ta 1968 ba dole ba ne a buga wa bindigar farauta lamba, shi ya sa masu araha irin na Stevens da Harrington & Richardson da yawa ba su da ita sam. Sai kuma ƙirar maƙeranmu da suke kwaikwayon mai baki ɗaya: haruffa a karkace, alamar walda a gindin bututu, babu hatimin gwaji. Wannan ba ta da littafi a Turai. Littafinta yana bakin 'ya'yan maƙerin, kuma shi ma ya cancanci a rubuta.

Ko da bindigar ta tabbata 'yar Ingila ce, sunan da ke kanta sau da yawa na mai sayarwa ne. A Birmingham aikin a rarrabe yake kamar yadda dukawa da majema suke a Kano: wani bututu kawai yake yi, wani ƙota, wani zane, sannan mai kanti ya saya ya buga sunansa. Adireshin da ke doron bututu yana taimakawa, domin kamfanoni suna ƙaura suna kuma canza suna. Misali, sai a 1876 aka fara rubuta Holland & Holland, kafin nan H. Holland ne. Ƙirar ma tana magana. Mai buɗewa da dogon hannu a ƙasa da ake juyawa gefe, tsarin Henry Jones ne na 1859. Marar kunnuwa mai uwa kamar akwati, tsarin Anson da Deeley ne na 1875, don haka ba za ta girmi wannan shekara ba. Sai dai kada a ce duk mai kunnuwa tsohuwa ce, an ci gaba da ƙera su don kasuwar Afirka da Indiya har tsakiyar ƙarni na 20.

In an samu suna na gaskiya da lamba ta gaskiya, sai a nemi littafin. Manyan kamfanoni irin su Purdey, da Holland & Holland, da Westley Richards, da W.W. Greener, suna nan har yau kuma suna riƙe da tsofaffin littattafansu, suna amsa tambaya in an biya su kuɗi. Na Winchester da Marlin da L.C. Smith suna gidan tarihin makamai na garin Cody a jihar Wyoming ta Amurka. Amma wanda na fi so masu karatu su riƙe shi ne Army & Navy. Kanti ne a titin Victoria a Landan da hafsoshin soja suka kafa a 1871, kuma nan ne jami'an mulkin mallaka da yawa suke yin sayayyar tafiya, daga tanti da gadon zango har bindiga. Ba su ƙera ba, maƙeran Birmingham irin su Webley & Scott suke yi musu, su buga ARMY & NAVY C.S.L. a jiki. Littattafan cinikin bindigoginsu suna ma'ajiyar Jami'ar Glasgow. Duk gidan da ke da mai wannan suna, yana da kyakkyawar damar sanin sunan Baturen da ya fara sayenta, da ranar, da abin da ya biya.

Abin da ke cikin irin wannan littafi layi ɗaya ne ko biyu da rubutun hannu: lamba, kwanan wata, sunan mai saye da muƙaminsa, faɗin bututu da tsawonsa, tsawon ɗakin harsashi, nauyi, awon ƙota, farashi da fam da sule. Kada a tsaya a kan sunan kawai. A ɗauko tef a gwada. In littafi ya ce inci 30 ga kuma 26 a hannu, an yanke ta, kuma za a ga shaida a baki: tsakanin bututun biyu an cike da dalma, matsewar bakin ta tafi. Hakan na faruwa in bakin ya toshe da laka aka harba ya tsage. A sani kuma doka ta hana gajarta bututu ƙasa da inci 20. In littafi ya nuna ƙotar katakon Turai mai ratsi, ga kuma maɗaci ko kirya a jiki, to gara ta ci ta asali wani masassaƙi ya yi sabuwa. In awo uku ko huɗu sun saɓa gaba ɗaya, a koma a sake karanta lambar, domin tsatsa tana mayar da 3 ta zama 8, 1 ta zama 7.

Wasiƙar da za a aika ta imel ce, da Ingilishi, gajeriya. A sa sunan da ke jiki harafi da harafi, da adireshin, da lambar da wuraren da aka same ta, da tsawon bututu, da hotuna kamar shida: bindigar gaba ɗaya ta kowane gefe, doron bututu, ƙarƙashinsa, saman uwar, da lambar. A faɗi cewa tana Nijeriya kuma tarihi ake nema. Kada a fara da tambayar nawa za ta yi a kasuwa, ba aikin ma'ajiya ba ne. Ba a aika bindigar ko wani sashe nata ko'ina, laifi ne babba. A yi haƙuri da jira, amsa tana iya ɗaukar makonni. A kuma shirya wa jin cewa babu. Ƙananan maƙera da yawa sun rufe an zubar da littattafansu, wasu kuma sun ƙone lokacin da Jamus ta yi wa Birmingham da Landan ruwan bama-bamai a 1940 da 1941. In haka ta faru, hatimin gwaji ya riga ya ba da ƙasa da zangon shekaru, ba a tashi a tutar babu ba.

Littafin kamfani iyakarsa mai saye na farko. Daga kantin Landan zuwa wani soro a Jahun ko Ɓaɓura, wannan tafiya mu za mu bi sawunta. In an samu sunan Bature, a neme shi a jerin ma'aikatan gwamnatin Nijeriya na wancan zamani da cikin Gazet, waɗanda suke nuna inda aka tura kowa da shekarar. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna tana da fayilolin lardin Kano, wanda a da ya haɗa da masarautun Haɗeja da Gumel da Kazaure. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Takardun UAC suna ma'ajiyar Unilever a Port Sunlight, na John Holt kuma a Liverpool. A duba ƙotar ma: wani ɗan farin ƙarfe mai siffar ƙwai a ƙasanta yakan ɗauki haruffan farko na sunan mai ita, alamar kibiya mai faɗi kuma tana nufin ta taɓa zama kayan gwamnatin Ingila.

Amma kafin a je Kaduna, a je wurin tsofaffi. Gwaggo ko Inna da ta yi aure a gidan tun tana yarinya ta fi kowa sanin ranar da aka fara ganin bindigar a rataye. A je wa Sarkin Baka da tsofaffin maharba. Ba za su ba da shekara da lamba ba, za su ce zamanin hakimi wane, ko shekarar da aka yi fari, ko kafin zuwan Sarauniya, wato 1956. Turawa kuma da laƙabin da aka sa musu ake tuna su, ba da sunansu ba, sai a rubuta laƙabin da aikinsa da garin da ya zauna, daga baya a gwada da takarda. A yi tambayar kafin a faɗa musu abin da aka gano, don kada amsar ta bi abin da suka ji. Layu da zoben fata da ke ɗaure a ƙota kada a kwance su, a ɗauki hotonsu a tambayi wanda ya ɗaura.

Wani zai ce tunda ta tabbata ta kirki ce bari a gwada ta. A nan nake roƙo da babbar murya. Yawancin tsofaffin na Ingila ɗakin harsashinsu inci 2½ ne, milimita 65, harsashin yau kuwa 70 ne ko 76. Tsawon da ake rubutawa na kwanson ne bayan ya buɗe, shi ya sa dogon yake shiga gajeren ɗaki lafiya lau, sai an harba bakin kwanson ya rasa wurin buɗewa, ƙarfin ya ƙaru. Sannan a duba ƙarƙashin katakon gaba, inda hannu bai goge ba. In ƙarfen yana da zane kamar igiya a murɗe ko kamar shatar ruwa a kan yashi, wannan bututu ne da aka naɗe da siraran ƙarafa aka dake su suka haɗe. Don baƙin albarushi aka yi shi, kuma tsatsa tana bin layin haɗin ta ci ta ciki inda ido ba ya gani. Inda yake fashewa daidai inda hannun hagu ke riƙe ne. A rataye bututun da zare a ƙwanƙwasa da ɗan itace: mai lafiya yana amo kamar ƙararrawa, wanda doronsa ya saki sai ya yi kaf-kaf. Doron nan da dalma aka liƙa shi, shi ya sa wutar mai walda take sakin sa gaba ɗaya. In an mayar da bututu ba tare da katakon gaba ba aka girgiza, aka ji yana motsi, haɗin ya ci. Dukansa da guduma, yadda wasu ke yi, yana matse shi na ɗan lokaci ne kawai, ya kuma tauye wurin da hatimin yake.

Ajiyarta ba wuya. Man keken ɗinki kaɗan a tsumma, ciki da waje, sau ɗaya kafin damina sau ɗaya bayanta. Ban da man gyaɗa da manja, suna daskarewa su zama ƙaro. Kada a naɗe ta da leda ko fata ko buhun taki, suna riƙe laima, takin kuma cin ƙarfe yake yi. Kada a jingina ta da bangon ƙasa saboda gara. A ajiye ta baki ƙasa, don man ya daina gangarawa cikin ƙota yana ruɓar da katako, a wuri mai kulle da yaro ba zai kai ba.

Roƙona ga Gidan Makama, da hukumomin tarihi da al'adu na Kano da Jigawa, da majalisun masarautu, shi ne su fito da 'yar takarda mai shafi ɗaya da Hausa, a raba wa hakimai, wadda za a cike suna da lamba da hatimi da abin da tsofaffin gida suka faɗa, a haɗa da hoto. Ga rundunar 'yan sanda kuma, duk tsohuwar bindigar da magada suka miƙa, a bari ma'aikacin gidan tarihi ya duba ƙarƙashin bututunta ya ɗauki hoto kafin a kai ta inda ake lalatawa. Aikin bai wuce minti 20 ba, kayan aikin kuma kananzir ne da alli da waya.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka mai karatu,
daga Malam Madori, Jihar Jigawa